Ba Barci Ne Ya Kayar Da Limaminmu Ba

Assalamu alaikum, Malam Edita, da ku masu karatu. Ni tsoho ne yanzu, ido ya yi rauni, haƙora sun ƙare, amma akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro shekara da shekaru, na ga in ban amayar da ita ba da ita za a binne ni. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. A zamanin da nake magana, zamanin Turawa, ni matashin magidanci ne a wani ƙauye da ke tsakanin Durun da Kabo. Yayana ne dagacin garin. Ni ba ni da sarautar komai, amma in ka gan ni a lokacin sai ka rantse ni ne hakimi. Duk baƙon da ya zo daga sama, malamin gona ne ko na tsafta, ni ke tarbarsa, ni ke riƙe masa keke, ni ke kai shi masauki. Hulata kullum a karkace, bakina kuwa ba ya shiru, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. Ku riƙe wannan, domin bakin nan shi ne rabin labarin.

Limamin garinmu wani dattijo ne siriri mai sanyin magana, tun kafin a haife ni shi ke jan salla. Shi ya raɗa mini suna, a gabansa na yi karatu har na sauke, shi kuma ya ɗaura mini aure. In an ce Malam kawai a garin nan, to shi ake nufi. Ba mai ci ba ne. Ba ya sa komai a bakinsa sai ya sallami magidantan da ke ɗaukar karatun littattafai da safe, hantsi ya ɗaga, sannan ya karya. Litinin da Alhamis kuwa azumi yake yi, rani da damina. Haƙoransa sun ragu, saboda haka ba abin da yake so kamar gasasshen rogo mai laushi, a barbaɗa masa garin ƙuli. A gidanmu kuma akwai al'ada tun kakanni: duk abin da aka shuka, nunan fari na Malam ne, kuma abin da aka ware masa ba mai ɗanɗanawa, yaro ko babba. Mahaifinmu yakan ce wanda ya lashi rabon malami ya lashe albarkar gonarsa. Da wannan muka tashi, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

To, bayan shekarar da fara ta cinye mana gero da dawa, sai umarni ya zo daga sama cewa kowane magidanci ya yi garkar rogo, tunda fara ba ta tona ƙasa. Ba laifi, da ma muna ɗan taɓa noman rogo a bayan gida, irin namu na gado wanda ko ɗanye ka fere ka ci ba abin da zai same ka. Amma malamin gona ya zo da jakuna ɗauke da wani sabon iri, ya ce daga Kudu aka kawo shi, ya fi namu girma, ya fi daɗewa a ƙasa, kuma ko ɓera ko gafiya ba sa kusantarsa. Ku ji fa. Abin da ɓera ya ƙi, mu muka yi murna da shi. Mutane suka yi ta jan ƙafa, ni kuwa don in nuna ni ɗan gidan sarauta ne mai jin maganar hukuma, na riga kowa ɗiba, na dasa, na kewaye da shingen ƙaya. Rogo ya yi kyau har mutane na tsayawa kallo. Umarnin ya ce a bar shi a ƙasa ajiya, kada a tona sai yunwa ta matso. Na kuwa bi, sai dai kunyoyi biyu na bakin garka da na ware wa Malam. Su kaɗai na fara tonawa da bazara ta shigo, guda ɗaya kamar dantsen mutum. Na kai masa da kaina, ya yi ta sa mini albarka.

Daga nan kowane kwana biyu sai na tono na kai. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta tura a rushi ta gasa, ta ɓare ta zuba masa a akushi. Ita ba ta cin rogo, tana cewa yana kumbura mata ciki. Ba a yi mako ba sai abu ya fara. Da safe Malam garau, muryarsa har bakin rijiya yana fassara. Ya karya da hantsi. Kafin rana ta take sai jikinsa ya mutu murus, kamar an zare masa laka. Kai ya yi nauyi, jiri ya ɗebe shi, gumi ya karyo, littafi ya zame daga hannunsa, ya jingina da bango ido a lumshe. In ka yi masa magana yana ji, amma amsar da ƙyar take fita. Can bayan La'asar kuma sai ya dawo daidai, har ya yi ta ba mutane haƙuri. Mutumin da ba a taɓa ganin ya yi gyangyaɗi ba ko a tafsirin watan azumi, ga shi yana zubewa rana tsaka. Hankalin kowa ya tashi, kuma Allah shaida ne nawa ya fi na kowa tashi.

Sai aka shiga neman dalili, kowa ya zama likita. Mai magani ya ce shawara ce, aka dafa saiwoyi aka ba shi. Wanzami ya ce mataccen jini ne, ya kafa masa ƙaho a baya har ba sauran wuri. Wani ya ce zafin bazara ne, wani ya ce tsamiyar bayan masallaci ce ke da mutanen ɓoye, aka sare mata reshe. Malaman Durun suka aiko da rubutu. Duk a banza. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, amsar tana zaune a gabanmu tana kallonmu. Ran Litinin da ran Alhamis Malam lafiya lau yake wuni, ya ja Azahar da La'asar ba ko tangaɗi. Kowa ya lura. To me muka ce? Muka ce ai wannan ya tabbatar iska ce, don aljani ba ya kusantar mai azumi. Gari guda, da malamai da masu sarauta da masu furfura, an rasa wanda zai ce, ranar da mutumin nan bai ci ba yana lafiya, to me yake ci? Ni kuwa da na ga yana ramewa sai tausayi ya kama ni, na ninka rogon da nake kai masa don ya sami ƙarfi.

Ana cikin haka aka ji masu duba ciwon barci sun sauka a Gwarzo suna lalube wuyan mutane. Ni na kawo shawarar a kai shi, ni na matsa, domin a ganina abin da ya fito daga hannun Turawa ba ya kuskure. Malam bai so ba, amma bai iya musa wa gidan dagaci ba. Muka ɗora shi a jaki muka tafi. A can aka jera mutane a rana kamar awakin kasuwa. Da aka zo kan Malam, wani ma'aikaci ya ce ya kwance rawani. Na ce masa wannan limami ne, a ɗan shiga da shi daga ciki mana. Ya ce su a nan ba su san limami ba, wuya suka sani. Dattijon nan ya kwance rawaninsa a bainar jama'a, aka murza masa wuya ana neman kaluluwa, aka ɗebi jini aka duba a madubinsu. Baturen likitan da ke shugabantarsu bai ko ɗaga ido ya dubi fuskarsa ba. Tafinta ya ce ba a ga komai ba, tsufa ne, a kai shi gida ya huta. Ba wanda ya tambaye shi yaushe abin ke zuwa, balle me ya ci. Ciwo ɗaya suka zo nema, in ba shi gare ka ba to lafiyarka ƙalau ko da birgima kake yi a ƙasa. Kwana uku muka yi tsakanin tafiya da dawowa, fura kawai Malam yake sha, kuma ko sau ɗaya jikinsa bai mutu ba. Muka ce to ga shi, da ya bar garin iskar ta sake shi. Washegarin dawowarmu na tona masa sabo na sannu da hanya.

Kalmar nan ta tsufa ta riga mu shiga gari. Sannan ranar da ake tsoro ta zo. Ranar kasuwarmu ce, masallaci cike da baƙi. Malam ya daure ya shiga gaba don jan Azahar, ko da yake kowa ya ga yana jan ƙafa. A raka'a ta uku ya yi sujada bai ɗago ba. Muka jira. Aka yi ta subhanallahi daga baya, shiru. Na'ibi, wato mai tsaya masa in ba ya nan, shi ya ƙarasa mana salla, Malam yana kife a kan buzunsa, sai da aka yi sallama aka ɗaga shi aka yayyafa masa ruwa. Kafin La'asar labari ya kai ƙauyuka cewa limamin garin kaza barci ya kwashe shi a sujada, har wasu suka ƙara gishiri suka ce minshari ya yi. Ƙarya ce, ina sahun farko, ba minsharin da ya yi. Amma kun san bakin mutane. Waɗanda jiya suke durƙusa masa suna neman addu'a, su ne suka koma gindin bishiya suna kwaikwayon yadda ya kife. Allah wadaran wannan hali.

Yayana ya tara dattawa a zaurensa, aka aika wa Malam ya zo da safe, lokacin da yake garau. Maganar kowa ya san ta: sallar jama'a amana ce, ba a barinta a hannun wanda ba ya iya riƙe jikinsa. Amma an rasa mai buɗe baki. Dattawa suka sunkuyar da kai suna jan carbi, kowa na jin nauyin mutumin da ya sallaci gawar iyayensa. Da an bar shirun nan, wataƙila da an tashi a kan a ƙara haƙuri, na'ibi ya riƙa tsaya masa da Azahar da La'asar kawai har Allah ya kawo sauƙi. Sai ni, da ba wanda ya sa ni, ina tsugune a bakin ƙofa, na ga ga damar nuna cewa ni na je Gwarzo na ji da kunnena. Na gyara murya na ce, "Allah gafarta Malam, likitan Turawa ya duba, ya ce ba ciwo ba ne, tsufa ne. Tsufa kuwa ba shi da magani." Wallahi haka na faɗa, ban rage ko harafi ba. Malam ya juyo ya dube ni, ba fushi a idonsa, ya ce na yi gaskiya. Ya ce shi ma ba ya so ya ɓata wa mutane salla, a ba na'ibi. Nan take aka yi fatiha. Da Azahar ta yi, da kansa ya ɗauke buzunsa daga gaba ya shimfiɗa a sahu. Ni kuma da zuciyata ta dame ni, me kuke tsammani na yi don in wanke kaina? Kwando na cika da rogo na kai gidansa.

Allah ya tashi tona asirina ta hannun goggona, ƙanwar mahaifinmu da ke aure a Kutama. Mace ce mai faɗa, ba ta tauna magana, kuma ta ga duniya, domin ta yi shekaru a Lakwaja da mijinta na fari yana aikin jirgin ruwa. Ta zo mana barkar haihuwa. Ni da son a yaba mini, na ja ta garka da safe in nuna mata rogon da duk ƙasar ba irinsa. Tun daga bakin shinge ta tsaya tana kallon ganyen. Ta ce in tono mata ɗaya. Ta karya shi, ta lasa, ta tofar, ta goge harshe da bakin zanenta. Ta tambaye ni kwana nawa muke jiƙa shi. Na yi dariya na ce jiƙa kuma, sai ka ce geron kunu, ai gasawa ake yi. Ta ce wannan ba rogonmu ba ne, mai ɗaci ne, guba gare shi. A Kudu sai an fere shi, an tsima a ruwa kwana uku ko huɗu, an zubar da ruwan, an shanya, sannan a kai baki. Ta ce ta ga akuya ta sha ruwan jiƙonsa ta faɗi ba ta tashi ba, ta ga ƙato ya ci ba a jiƙa ba jiri ya kayar da shi rana tsaka. Sannan ta kafe ni da ido ta ce, "Kai, wa ka ba wannan ya ci?"

Na zauna a ƙasa. Na ɗauki guntun da ta yar na sa a baki, karon farko tun da na dasa shi. Ɗaci ya kama mini harshe har maƙogwaro. Litinin da Alhamis suka faɗo mini, kwana ukun Gwarzo suka faɗo mini. A guje na je gidan Malam, na tarar da rogo a cikin rushi, na kwashe da hannuna. Ban iya yi wa Inna bayani ba, na ce dai don Allah kada a ƙara. Daga ranar nan Malam bai sake zubewa ba. Cikin mako guda ya dawo da karatun rana, cikin wata guda ya fara mayar da jiki.

Ran kasuwar Kabo na nemo malamin gonan nan, na same shi a rumfa yana shan fura, na tambaye shi ko ya san irin da ya raba mana sai an jiƙa. Ko gezau bai yi ba. Ya ce i, yana jin akwai wani abu mai kama da haka a takardar da aka haɗo su da ita, amma shi an ce masa ya raba ya ƙirga garka, ba a ce masa ya koya wa mata girki ba. Ya ce ai duk mai hankali in ya ji ɗaci ya tofar. Da ba a riƙe ni ba, da a gidan yari zan ƙare. Ku duba fa, a ɗauko abinci daga wata ƙasa a zube wa mutane, a tilasta musu su shuka, amma kalma ɗaya da za ta tsare ransu ta gagara. Da yunwa ta zo gari ya tona gaba ɗaya, gawa nawa za a ɗauka? Wannan bai dami kowa ba a sama, tunda garka ta cika a takarda.

Abu mafi wuya shi ne zuwa gaban Malam. Na same shi shi kaɗai a zaure bayan La'asar, na zube, na faɗa masa komai ina kuka. Ya saurara har na gama. Sai ya yi murmushi ya ce ai tun ranar farko ya ji ɗacin. Na ɗago na ce to don me bai faɗa ba? Ya ce, "Ɗana, kyauta ka kawo mini, kana murna. Manzon Allah bai taɓa kushe abinci ba, ni wane ne? Na ɗauka ɗacin ma magani ne." Na ce ai shi ya koya mana cewa in Manzo bai so abinci ba yakan bari. Ya ce in ya bari akushi zai koma cike, Inna ta gani, magana ta iso kunnena, ni kuma in ji ba daɗi. Ban san lokacin da haushi ya haɗu da kukan ba. Har yau in na tuna ina jin haushinsa shi ma, Allah ya jiƙansa, Allah ya yafe mini. Da ya yamutsa fuska sau ɗaya tak, da duk wannan bai faru ba. Ni ladabi ya hana ni ɗanɗana rabonsa, shi kara ta hana shi kushe kyautata, muka taru mu biyu muna girmama guba wata biyu da ɗoriya.

Daga nan na nufi wurin yayana, na ce a tara mutanen da aka tara, a zauren da aka tara su, in faɗi abin da ya faru da bakina, a mayar wa Malam limancinsa. Ya bari na gama, sannan ya ce in turo ƙofa. Ya ce an riga an yi wa sabon liman fatiha, gidansu gidan malamai ne mai jama'a, in aka ce ya koma baya gari zai rabu biyu. Ban da haka, in magana ta fita cewa irin da hukuma ta raba ya kusa kashe limami, mutane za su tumɓuke rogonsu, labari ya kai sama a ce dagaci ne ke zuga talakawa su ƙi umarni, rawaninsa ya tafi. Ya ce goggo ta bi gida-gida ta koya wa mata jiƙo a matsayin dabarar mutanen Kudu, kowa ya tsira, maganar Malam kuma a bar ta. Na ce to sunansa fa? Ya ce Malam mai haƙuri ne. Wato haƙurin mutum ya zama dalilin a danne shi. To a nan ne babban laifina yake, ba a rogon ba. Rogo rashin sani ne. Amma bakin nan nawa da ya kasa shiru ranar da ya kamata ya yi shiru, ranar da ya kamata ya yi magana sai ya mutu. Na ji tsoron yayana, na fi jin tsoron a nuna ni a ce ga wanda ya ba liman guba. Na ce to, na fita.

Yayana ya roƙi goggo da girman mahaifinmu ta rufa asiri. Ta rufa, amma har ta mutu ba ta ƙara cin abincin gidana ba. Gari ya koyi jiƙa rogo, ba wanda ya ƙara faɗuwa. Na san masu hankali sun gano bakin zaren, amma suka yi gum. Sauran suka ce ai da ma hutu yake bukata, ga shi da aka sauke masa nauyi ya warke. Warkewar tasa ma ta zama hujjar cewa an yi daidai. Malam ya yi shekaru bayan haka da ƙarfinsa, yana zuwa Kabo a ƙafa, bai ƙara ko gyangyaɗi ba, kuma bai ƙara shiga gaba ba. Sau biyar a rana yana tsaye a sahu bayan mutumin da shi ya koya wa alwala, ni ina gefensa kafaɗa da kafaɗa. In liman ya yi tuntuɓe a aya, shi ke ɗora shi. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, bai kuma faɗa wa kowa ba har ya koma ga Allah.

Abin da ya sa na lallaɓa na rubuto muku shi ne, kwanakin baya a wurin ɗaurin aure wani magidanci ya yi gyangyaɗi, sai abokinsa ya zungure shi ya ce ya tashi kada ya yi barcin liman. Aka kwashe da dariya. Ashe abin ya zama karin magana a garinmu, masu faɗinsa ba su ma san wane liman ba ne. Jikan Malam yana wurin, shi ma da furfurarsa, na ga ya sunkuyar da kai. Shi ma ya yarda kakansa barci ya yi. Yayana ya rasu, Turawa sun tafi, ba sauran rawanin da ake tsoron ya faɗi, ni kaɗai na rage da maganar a ciki.

Saboda haka ina roƙonku, in babban mutum mai lafiya ya fara zubewa rana tsaka ba dalili, kada ku yi saurin cewa tsufa ne, ko lalaci, ko iska. Ku zauna ku tambaye shi yaushe abin ke zuwa, me ya ci, me ya sha, me ya sake a 'yan kwanakin nan. Ranakun da yake wuni lafiya su ma magana suke yi, mu ne ba mu saurara ba. In an kai shi asibiti aka duba abu ɗaya aka ce ba shi ba ne, ku ci gaba da nema, kada wani mai rawar kai irina ya ɗauko rabin magana daga bakin tafinta ya yanke wa mutum hukunci da ita. Abin da za ka ba wanda kake girmamawa, fara sa shi a bakinka, ba rashin ladabi ba ne. Ku kuma masu raba wa talakawa sabon abu, iri ne ko magani, ku ji tsoron Allah ku yi bayani, mutane ba garka ba ne da za ku ƙirga ku wuce.

Zan je gidan jikan Malam in faɗa masa da bakina kafin ya ji a karatu. Mutanen garinmu kuwa, in wannan ta iso gare ku, kun san wanda nake nufi. Limaminku bai yi barci a sujada ba. Guba ce ta kayar da shi, ni na kai masa ita a kwando, ya karɓa da hannu biyu ya ce Allah ya yi mini albarka.